Inda Fitila Ta Kama

Gab da magariba na sauka daga mota a bakin kasuwar Gudu, jakar kayan aiki a kafaɗa, raina a ɓace. An yi ruwa da la'asar. Kwalta na tururi, ko'ina warin kwata da ƙamshin gasasshiyar masara. Tun daga Jikwoyi nake kallon ɗaya hannun titin, motoci maƙil, kowa ya nufi gida wajen iyalinsa. Ni kaɗai ne sakaran da ke shigowa gari a wannan lokaci, kuma ba don komai ba sai don kiran Madam Justina.

Sunana Ɗanjuma, aikin wutar lantarki nake yi. Kada ka tambaye ni takarda, ba ni da ita. Wutar da kanta ta koya mini. Ta ja ni, ta yar da ni daga kan tsani, har muka san halin juna. Shekarun nan ne da farar hula suka zauna daram a kan mulki, kuɗin mai na ambaliya, duk wanda ya samu kujera mai juyawa a ofis sai ka ga ya dasa filaza, benen shaguna. Hajiya Safara'u, darakta a wata ma'aikata, ita ma ta dasa tata a bayan kasuwar, bene uku, ba a kai ga buɗewa ba tukuna. Ta je ƙasar waje ta ga yadda suke yi: in gobara ta tashi, ƙararrawa ta yi kuka, fitilun baranda su kama da kansu ko da an ɗauke wuta, su jeru har bakin matakala, mutane su bi su fita. Ta ce haka take so. Na ce an gama.

Sai dai nan Abuja ce, ba ƙasar waje ba. Shagunan benen ƙarshe duk masu turaren wuta ne suka riga suka kama su, 'yan Kano da 'yan Maiduguri, mutanen da ba sa sayar da ko kwalba ɗaya sai sun banka wa mai saye a kasko ya shinshina. Ka maƙala musu na'urar jin hayaƙi a silin, ai ƙararrawa ba za ta rufe baki ba daga safe har yamma. Saboda haka a wannan benen na cire masu jin hayaƙi, na sa masu jin zafi. Su hayaƙi bai dame su ba. Sai wuri ya ɗauki zafi irin na wuta sannan su yi magana. Kowace na'ura da fitilarta a gefe, duka na ja su zuwa batir a ƙasa. Aiki ya yi kyau, ni da kaina na tsaya na yaba wa kaina tunda ba mai yaba mini.

Madam Justina kuwa ita Hajiya ta ɗauka ta kula da ginin. 'Yar kudancin Kaduna ce, tana zaune a Kurudu, doguwa, mai murya kamar ta kwandasta. Tun ranar farko jininmu bai haɗu ba. Ranar da na gama aikin na tsayar da ita na ce, Madam, abu ɗaya za ki riƙe a wannan kan naki: in duhu ya yi, ki bi fitila. Ko me kika ji, ki bi fitila. Ta ce ita ba jaka ba ce da zan maimaita mata. Na ce to mun gode Allah.

A bakin get na same ta, hannu a ƙugu, bokitin goge-goge a gefenta.

"Oga mai waya, sai yanzu? Wannan abu naka zai kashe ni. Kullum rana ya faɗi sai ya fara kuka, wiii wiii, fitila na sama duk ya kama. Na hau da gudu, ba wuta, ba hayaƙi, ba komai. 'Yan kasuwa suna zagi na. Kayan jabu ka sa mana, ka cinye sauran."

"Madam, ki iya bakinki. Jabu a gidanku. Ke dai kin je kin jona hita kina dafa taliya a shagon mutane."

"Ni? Ka gan ni da tukunya? Abeg zo ka cire tarkacenka, Hajiya ya ce in ba ka gyara ba a kira mai ilimi."

"Mai ilimin ya zo ya taɓa mini waya, sai na karya masa yatsu."

Mai gadi ya tafi masallaci. Ginin ba kowa sai mu biyu. Na shiga ɗan ɗakin da ke ƙarƙashin matakala, na buɗe akwatin da duk wayoyin suke haɗuwa, na mayar da shi yanayin gwaji. A haka ƙararrawa ba ta kuka, kuma fitilu ba sa jeruwa zuwa ƙofa. Na'urar da ta ji zafi, fitilarta kaɗai ke kamawa, in wurin ya huce ta mutu. Da haka ake gane wadda ta lalace. Ban yi wa Justina bayani ba. Da wane bakin? Tana bayana tana lissafo mini laifuffukan kakannina.

Muka hau.

Benen ƙarshe doguwar baranda ce a rufe, shaguna hagu da dama, ba taga ko ɗaya. Matakala a wannan ƙarshen. A can ɗaya ƙarshen ramin lif ne, don lif ɗin yana tashar jirgin ruwa bai iso ba, an dai jingina falankin katako an tare bakin ramin. Justina ta goge tayil bai daɗe ba, ƙasa a jiƙe, tana ƙyalli. Warin sabon fenti da omo. Na fara bin na'urorin ɗaya bayan ɗaya, ina ɗaga kai, ita tana biye da ni tana ta mita. Mun kai tsakiyar barandar ke nan aka ɗauke wuta.

Ɗif.

Duhun wurin da ba taga daban yake. Kamar an kife maka tukunya a ka.

"To ga shi nan," in ji Justina. "Ina fitila naka na Turai?"

"Ki yi mini shiru in nemo tocila."

Na durƙusa ina lalube a jaka. Guduma, sukudireba, tef. Na juya nan, na juya can, har na rasa ina ne gabas. Tocilar na hannuna, na danna. Ba ta kama ba. Na buga ta a tafin hannu. Ƙarfenta da ɗumi, kamar an ajiye ta a rana.

Sai na ji ƙas.

Ƙaramin sauti ne, wanda fitila ke yi in za ta kama. Na san shi kamar tarin mahaifina. Fitila ɗaya ta kama a gabanmu, ba nisa. Fara tas. Ƙarƙashinta ba kowa.

"Yauwa," na ce, "ga munafukar. Ita ce ta lalace."

Ban rufe baki ba ta mutu. Ta gaba da ita ta kama. Ƙas. Ita ma ta mutu. Ta gaba ta kama.

Na'ura ɗaya takan lalace. Biyu ma sai in ce kaya ne. Amma lalacewa ba ta tafiya a jere, a hankali, kamar mai takawa.

"Hanya ke nan," Justina ta ce. Muryarta ta sauka, ba faɗa a ciki. "Mu je."

Ta wuce ni. Ina jin silifas ɗinta a kan jiƙaƙƙen tayil, taf, taf. Ni ma na bi ta, ba zan ɓoye ba. Ɗan Adam in yana cikin duhu ya ga haske, ƙafarsa ba ta shawara da shi.

Sai wari ya canza. Fenti da omo suka ɓace. Wani wari ya taso, busasshe, irin na kwanon rufi da tsakar rana a watan azumin bazara. Ba ƙauri. Ba hayaƙi. Iska ta yi nauyi, leɓena ya bushe. Ga shi an yi ruwa, ɗazu har sanyi nake ji.

Na dubi ƙasa, ƙarƙashin fitilar da ke ci.

Ruwan da ke kan tayil yana bushewa. Ba duka ba. Wuri-wuri. Tsss, sai ga busasshen tabo dogo, siriri, mai yatsu. Tsss, sai ga wani a gabansa. Sama da su iska tana rawa, yadda take yi a kan kwalta.

Abin da kowane yaro ya ji a gaban malam tun yana riƙe da allo, shi ya faɗo mini. An halicci mutum daga yumɓu. Su kuma daga wuta. Wutar da ba ta da hayaƙi.

Ba abin da ya lalace a aikina. Na'urorin lafiyarsu ƙalau. Shekara da shekaru masu wurin suna tashi da magariba su yi harkarsu a cikin duhu ba mai ganinsu, an zo an dasa musu bene a ka sun haƙura, sai ga wani ɗan Jikwoyi ya ɗaura musu ƙararrawa da fitila. Duk inda suka motsa a yi musu ihu, a haske su.

"Madam," na ce a hankali. "Tsaya."

Ba ta tsaya ba.

"Justina. Ba hanyar matakala ba ce nan."

"Kai ka ce in bi fitila."

"Na fasa. Dawo."

"Ga ƙofa can," ta ce, da wata murya mai laushi da ban taɓa ji a bakinta ba. "A buɗe. Ga titi. Ga mai masara."

Ƙas. Fitilar ƙarshe ta kama.

Falankin ba ya wurin. An ɗauke shi, an jingina shi a bango tsaf, kamar yadda mai gida ke buɗe wa baƙo ƙofa. Bakin ramin lif a hangame, baƙi ƙirin. Daga ƙasa ana jin ɗigar ruwa, can nesa.

Ita kuwa tana tafiya, kai a ɗage, ido a kan fitilar.

Na yar da jaka na yi tsalle. Na cafki zaninta ta baya daidai lokacin da silifas ɗinta ɗaya ya zame ya tafi. Ban ji faɗuwarsa ba sai da aka jima. Na fizgo ta muka zube tare. Mace ce mai jiki, amma ƙarfin da ta tashi da shi ba nata ba ne. Ta ja ni a kan tayil kamar buhun gawayi. Na maƙale ƙafata a bakin ƙofar wani shago, na riƙe damtsenta da hannu biyu.

"Sake ni. 'Yata Naomi na jira na a gida."

"Wallahi ba na saki. Ki zage ni gobe."

Ƙas. Ta saman kanmu.

Ƙas. Ta bayanmu.

Ƙas, ƙas, ƙas.

Barandar duka ta kama, daga ramin har matakala. Ba ɗaya ba ne. Ba biyu ba ne. Ƙarƙashin kowace fitila iska na rawa. Tayil ya bushe ƙaraf. Fentin bango ya fara kumbura yana fashewa, ɓus, ɓus.

Na buɗe baki in yi a'uziyya. Da ƙyar ta fito, guntu-guntu.

Wani abu ya sunkuyo a kaina. Ban gan shi ba. Kunnena na dama ne ya ji shi, kamar an kusanto da dutsen guga.

"Kashe."

Ba murya ba ce. Sautin garwashi ne in an yayyafa masa ruwa.

Ni fa ko a gaban soja bakina ba ya mutuwa. Tsoro ya cika ni har wuya, amma haushi ya fi shi sauri.

"Ku ba mu hanya tukuna," na ce. "Aiki aka sa ni. Ku ba mu hanya."

Gashin gefen kaina ya ƙone. Na ji warinsa.

"Kashe."

Justina ta sake yunƙurawa. Yatsuna suka fara zamewa a kan gumin hannunta. Rabin jikinta ya kai bakin ramin. Idonta a buɗe, ba ƙiftawa, hawaye na zuba, tana yi wa fitilar murmushi. Muddin akwai haske ba za ta daina ja ba. Kuma ƙarfina ya kusa ƙarewa.

Wayar da ke kawo wutar batir ta bi ta gindin bangon nan, cikin farin bututun roba. Ni na ja ta. Filaya tana aljihun bayana.

In na yanke, ba zan ƙara sanin inda suke ba. Hasken nan shi kaɗai ke nuna mini su.

Na saki hannu ɗaya. Ta ja ni taku guda. Na fasa bututun da dunduniyar filaya, na laluba, na kama wayar.

Na datse.

Tartsatsi. Duhu.

Justina ta saki jiki gaba ɗaya, kamar an zare mata laka.

Shiru. Sai ɗigar ruwa a ƙasan ramin. Sai numfashina.

Na jawo ta baya. Na sa kafaɗata a bango, na juya wa ramin baya, na fara rarrafe ina jan ta. Ba na ganin ko hannuna. Zafi ya wuce ta hagu, a hankali. Wani ya wuce ta dama, ya goge ni a kunci. Wani ya tsaya a gabana. Na tsaya. Na sunkuyar da kai har goshina ya taɓa tayil, tayil ɗin kamar kaskon suya.

"An kashe," na raɗa. "Ga duhunku nan."

Ya daɗe a wurin.

Sannan ya matsa.

Hannuna ya zurma inda ba ƙasa, sai ƙarfen matakala, mai sanyi. Ban taɓa son wani ƙarfe a duniya kamar wannan ba. Yadda muka sauka ban sani ba, da gwiwa, da baya, da haƙarƙari. Mai gadi ya dawo daga salla ya same mu a yashe a bakin get, cikin taɓo. Ya haska fuskata ya yi salati. Kunnena da kuncina sun tashi, sun yi ruwa.

Washegari da hantsi na gaya wa Hajiya Safara'u komai, ina jiran ta ce na sha wani abu. Ta dubi kunnena, ta hau da kanta ta ga bangon, ta sauko ta sa a kira magina. Kafin azahar magina sun toshe bakin ramin da bulo. Ni kuma da rana tsaka, ƙofofi a buɗe, ina sallama a bakin kowane shago kamar mai bara, na cire masu jin zafin nan kaf na mayar da masu jin hayaƙi, na sake haɗa wayar fitilun. Gobara ta gaske ba ta san wannan labarin ba, dole a bar wa mutane hasken fita. Masu turare aka ce su nemi wani wuri. Har yau in na ratsa Gudu akwai wani ɗan Maiduguri da ke tofar da yawu in ya gan ni. Ya je ya hau benen da magariba ya kunna kaskonsa, in ya isa.

Ƙararrawar ba ta sake kuka ba.

Justina ce ba ta koma aiki ba. Bayan an kwana biyu mijinta, Baban Naomi, ya neme ni a waya. Ya ce don Allah in zo Kurudu da kayan aikina.

Na same ta a tsakar gida a kan tabarma, ta rame, tana tsince shinkafa. Da rana lafiyarta ƙalau, in ji shi. Tana girki, tana zuwa coci, tana faɗa da maƙwabta. Amma da zarar rana ta faɗi, duk hasken da ta fara gani sai ta miƙe ta nufe shi. Ta taɓa rungumar fitilar ƙwai. Shekaranjiya a bakin titin Karshi aka riƙo ta, tana tafiya tsakiyar kwalta, ta nufi fitilun tirela.

"Ka cire mana duka, oga," ya ce. "Ko an kawo wuta kada wani abu ya kama. Yara suna mantuwa su kunna."

Tunda na fara wannan sana'a ba a taɓa kira na in raba gida da haske ba sai ranar. Na bi ɗaki-ɗaki na kwance ƙwayayen fitila, na cire makunnai, na naɗe bakin wayoyi da tef. Naomi, budurwar 'yarsu, tana karɓa tana zubawa a kwali, ba ta dube ni ba ko sau ɗaya.

Ina haɗa jaka aka fara kiran magariba. Baban Naomi ya shigar da matarsa ɗaki, ya zauna kusa da ita, ya ɗaura gefen zaninta a wuyan hannunsa. Na leƙa in yi sallama.

A gidan maƙwabta wani ya ja janareta. Ya tashi. Wani siririn haske ya ratso ta ƙasan labule ya kwanta a siminti.

Justina ta miƙe tsaye. Zanin ya ɗaure tamau.

"Oga mai waya," ta ce, ba ta juyo ba, murya ƙasa-ƙasa. "Ka ga ƙofa ɗin? Har yanzu yana buɗe."